Manomin da Ya Bar Dawarsa a Tsaye

Ka ce abin yana ɗaure maka kai, yadda mutum zai bar jiharsu, inda aka binne cibiyarsa, ya tafi wata jiha ya zama baƙo. To, gyara zama ka ji wannan misali.

An yi wani manomi a wani ƙauye can arewa maso yamma. Gonarsa ta gado ce, jigawa mai albarka, ga fadama a gindinta inda yake dasa albasa da rani. Hatsin bara ba ya ƙarewa a rumbunsa sai na bana ya tarar da shi. Wata shekara, dawa ta yi kai ta sunkuya, saura ƙiris a girbe, sai ya kwashi matarsa da 'ya'yansa ya shiga mota. Bai zame ko'ina ba sai wata kasuwar doya a wata jiha da ke bakin kogin Binuwai. A can ya kama dako. Mutumin da a da yake ɗaukar 'yan ƙwadago, shi ne yanzu ake ƙwala wa kira daga rumfa zuwa rumfa. Yaren garin ba ya ji. Ɗaki ɗaya suka samu na langa-langa mai yoyo, sauro kuma ya sa yaran gaba, wannan ya tashi daga zazzaɓi wancan ya kwanta.

A kasuwar akwai wani direban babbar mota, mutumin ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu, wanda ya bar gida tun yana saurayi saboda sana'a. Ya san manomin, ya san gonarsa. Ran da ya gan shi da kwandon doya a ka, sai ya riƙe baki ya ce, "Haba ɗan'uwa! Kai da ake zuwa neman iri a ƙofar gidanka? Ni da ka ga na fito, ko taƙin gona ban gada ba. Kai me ya fito da kai?" Manomi ya sauke kwando, ya share gumi, ya ce, "In hanya ta bi da kai wajenmu, ka duba dawar. In ka iya girbewa, na bar maka."

Direba ya riƙa faɗa a tasha cewa kwaɗayin birni ne ya ɗebi mutumin. Da ya samu lodin doya zuwa arewa, ya sauke kaya, sai ya karkata da motar ba kowa a ciki ya nufi ƙauyen. Ya tarar da dawar a tsaye, zangarniya ta bushe, tsuntsaye na ta wasoso. Gonakin maƙwabta ma haka, ga rana tsaka amma babu mutum ko ɗaya a bakin kunya. A cikin gari tsofaffi kawai ya samu, cikinsu har da mahaifiyar manomin, wadda ta ƙi bin ɗanta don ba ta son ta mutu a ƙasar da ba ta sani ba. Ita ta gaya masa cewa 'yan bindigar da ke dajin da ke kusa da ƙauyen sun hana girbi. Ƙanin manomin ya fita da magirbi wata safiya, magirbin kaɗai aka tsinto. Bayan nan suka aiko cewa saura mai babban rumbu, wato manomin.

Tana cikin magana sai aka jiyo rurin babura daga nesa. Tsofaffin nan kowa ya sunkuyar da kai har ƙarar ta wuce ta ɓace. Direba bai koma ta kan gona ba. Ya durƙusa ya roƙi tsohuwar har ta yarda, ya ɗora ta a gaban mota, waɗanda suka amince su bi shi suka hau baya da tabarminsu da turmi da 'yan awaki. Ya kawo su kasuwar doya, ya miƙa wa manomi uwarsa. Tun daga ranar, in ya ga baƙo ya sauka a tasha da ƙunshin kaya da yara, ba ya tambayarsa dalili, sai dai ya nuna masa inda ake samun ɗaki.

Wani neman sana'a ke fitar da shi daga jiharsu, kamar direban nan, wani karatu, wani canjin wurin aiki. Amma in ka ga magidanci ya bar gonarsa ya zaɓi wahala a garin wasu, kada ka yi saurin yanke masa hukunci, don kai wahalar da ya shiga kawai kake gani. Hausawa sun riga sun faɗa: abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi.