Teburin Masu Gardama

"Kawu, ba a zama can," in ji mai gadin wata mashaya, ya riƙe mini hannun riga.

Na shekara ashirin rabona da wannan layi na bayan jami'a a Yawunde. A da hayaƙin gasasshen kifi ke yi maka maraba, kwalba ɗaya ta zagaya bakin mutum biyar, muna zagin gwamnati har murya ta dushe. Yanzu ko'ina gilashi ne da jibga-jibgan motoci da turare mai tayar da zuciya. Ɗalibai sai leƙe daga tsallaken titi.

Teburi ɗaya ne ya sanyaya mini rai: samari uku da budurwa, littattafai a baje, suna ta gardama. Na fizge hannuna na je na zauna.

"'Ya'yana, a kan me ake musu?"

Budurwar ta saci kallon manaja. "Kawu, tashi don Allah, kar ka ja a kore mu. Aiki muke. Masu kuɗi sun fi jin daɗin giyarsu in suna kallon ɗalibai."

Na kai hannu zan ɗaga littafin gabanta. Ya ƙi tasowa. An manne shi da gam.