Mai Saurin Sallamawa

Ba a ma gama shaƙe shi ba, tsohon direban ya bubbuga katifa, alamar ya sallama. Abokin karawarsa ya sake shi, suka miƙe suka rungumi juna, kamar yadda dokar kulob ta tanada bayan kowace karawa.

Koci ya fusata. "Haba Baba! Kullum kai ne farkon zuwa, kai ne farkon sallamawa. Ka fi samarin nan ƙarfi fa. Tsoron me kake ji?"

Direban ya share gumi. Tun rasuwar matarsa, 'ya'ya suka watse, ba mai rungumarsa, kujerar mota kaɗai ke taɓa bayansa.

"Ba tsoro ba ne, Koci. In na tsaya jan kokawar, runguma ɗaya zan samu a yini. Saura wa?"