Mai Tafi a Layin Baya

Mai shari'a ta miƙa wa Basit takardar kammala jinya. Wata goma sha takwas bai taɓa giya ba, tun da aka kama shi yana tuƙi a buge a garin Upper Marlboro na Amurka, kotu ta tura shi jinya maimakon gidan yari.

Wani dattijo a layin baya ya fi kowa tafi. Basit ya je ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, wanne ne naka?"

"Fatihu."

"Ban ji an kira Fatihu ba."

"Mako ɗaya aka kama ku. Shi ma an ba shi wannan zaɓi. Na ce ɗan Dakta Dabo ba zai zauna cikin mashaya ba, mutanen masallaci su ji. Na sa ya ƙi, na aika Kano aka kawo masa rubutu."

"Yanzu yana ina?"

Dattijon ya gyara hula.

"Wata na bakwai da kama shi ya daki gada da mota a buge. Ni na yi masa wanka. Da na bar shi, yau bayanka za a kira sunansa."