Sakan Goma Sha Huɗu

Danja ta ba masu tafiya a ƙasa hannu, dattijon ya danna tayoyin keken guragun da iya ƙarfinsa, keken ya gangara cikin titi a karkace.

Layi shida ne tsakaninsa da wancan gefen, sakan goma sha huɗu kuma aka ba shi. A can 'yan kwamitin hanyoyi na hukumar birni suka jeru a inuwar wani kanti, kusa da su wata injiniya tana riƙe da agogo.

Maganar ta samo asali ne daga taron jiya. Hukuma na son ɗaukar kamfanin injiniyoyi masu ba da shawara domin a sake zana mahaɗun tituna tara, wannan ce ta farko a jerin. Kan kwamiti ya rabu biyu, aka shafe wata huɗu ana ja-in-ja. Masu adawa suka kafe cewa lissafin mahaɗar daidai yake, mutane ne ba su da haƙuri. Injiniyar, shugabar kamfanin, ba ta yi musu da kowa ba. Cewa ta yi su al'adarsu ba sa fara aiki da takarda, da keken guragu suke farawa. A samu mutum ɗaya ya tsallaka a kansa kafin danja ta canza, ba tare da an tura shi ba. In ya tsallaka, ita da kanta za ta janye takardunta; in ya kasa, a ba kamfaninta aikin.

Da aka nemi mai gwadawa, dattijon ne ya riga kowa ɗaga hannu. Mutum ne da bai taɓa buɗe baki ya ce a taimake shi ba, kuma ba a wannan shekarun zai fara ba. Matarsa ta yi magiya har ta gaji, ta ce taurin kansa ne zai kai shi asibiti wata rana. Ya ce mata ta dafa shayi, kafin ya huce ya dawo.

Layi na farko ya wuce lafiya. A na biyu ya gane titin ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar yadda ido ke gani. An ɗaga tsakiyarsa kaɗan domin ruwan sama ya gangara, wannan ɗan tudun kuwa a kafaɗunsa ya tare gaba ɗaya. Yana ƙirgawa a zuci: bakwai, takwas. Tafin hannunsa ya fara zafi.

A sakan na goma sha ɗaya ƙaramar tayar gaba ta faɗa tsakanin ƙarafunan murfin magudanar ruwa, daf da dakalin simintin da ya raba titin. Ya ja baya, ya tura gaba, ko motsi. Danja ta canza.

Motoci suka taso ta gabansa da ta bayansa a lokaci guda. Wata bas ta wuce har iskarta ta ɗaga masa riga, yaron motar ya leƙo ya zabga masa ashar. Mai ba da hannu da aka ajiye saboda tsaro ya yunƙuro, dattijon ya girgiza masa kai, domin shi da bakinsa ya kafa sharaɗin kada kowa ya sa baki. Tsoro ya kama shi sosai, amma kunya ta fi tsoron yawa.

"Baba, kada ka ja da ƙarfi, kifewa za ka yi."

Wani mai gyaran takalma ne a kan nasa keken, akwatin aikinsa a cinya, ya rakuɓe a jikin dakalin. Ashe tun canjin danjar da ta gabata yake wurin. Ya dubi hannuwan dattijon da suka yi bororo, ya dubi nasa masu kanta, ya yi murmushi ya ce da alama Baba sabon shiga ne. Ya gaya masa ba a tsallake wannan titin a tashi ɗaya. Rabi ake yi, a maƙale a nan, a jira. Dakalin ba shi da gangara, sai dai ka manna keken a jikinsa ka yi ta addu'a. Shi shekara tara ke nan, sau biyu a rana. Da su uku ne ke tsallakawa tare, yanzu saura shi.

"Ina sauran biyun?" in ji dattijon.

"Ɗaya ya daina fita. Ɗayan a nan inda kake tirela ta same shi." Ya gyara zaman akwatinsa. "Ni ba na yi wa wanda ya zana wurin nan mugun fata. Fatana kawai Allah ya zaunar da shi a nan na minti biyar."

Danja ta sake ba da hannu, dattijon ya sake gwadawa, tayar tana nan daram. Sakan goma sha huɗu suka ƙare yana inda yake. Na uku ma haka. A wancan gefen injiniyar ta riga ta sa agogon a jaka, 'yan kwamiti kuwa kowa ya sunkuyar da kai, an rasa mai iya kallonsa.

A canji na huɗu ya saki tayoyin. Ya dafa hannun keken, ya miƙe tsaye a kan ƙafafunsa biyu masu lafiya, shi shugaban kwamitin, ya taka zuwa wurin injiniyar domin ya sa mata hannu a takardar aikin, ya bar mai gyaran takalma zaune da baki buɗe a tsakiyar mahaɗar da shi dattijon ya zana da hannunsa shekara ashirin da suka wuce.