Zobe a Layin Kwastan

Saura taku kaɗan su isa wurin 'yan kwastan a filin jirgin Jakarta, Danang ya kamo hannun budurwarsa Ratri, ya zura mata zoben lu'ulu'un da ya sayo a Singapore. Shekara huɗu tana jiran wannan ranar.

"Mas, yayana, a nan? A gaban mutane?"

Ko fuskarta bai duba ba, idonsa na kan jami'an. "Sassauta murya, Dik, ƙanwata. Na yar da kwalin da rasit. In sun tambaya, ki ce tsohon zobenki ne. Harajinsa kaɗai ya isa kuɗin babur."

Ta juya hannunta. Zoben ya yi mata yawa, sai yawo yake a yatsa. Mutumin da ya san lambar takalminta ba zai yi irin wannan kuskuren ba. Ba ita ya sayo wa ba.

"In mun fita fa?"

Ya sosa ƙeya. "Sai ki ba ni. Akwai maganar da za mu yi a mota."

Ratri ta bar layin, ta nufi jami'ar da ke binciken akwatuna, ta ajiye mata zoben a tebur.

"Bu, ranki ya daɗe, sabo ne fil. Ga mai shi can. Sai ya zo ya biya wa amaryarsa harajin da kansa."