Farfesan da Aka Ambata Sau Dubu Uku

Dakta, tunda ka ce darajar mai bincike tana ga yawan masu ambaton sunansa, gyara zama in ba ka wani misali.

A wata jami'a an yi wani farfesa, masanin zuciya da jijiyoyin jini, wanda sunansa ya yi tambari. Maƙalunsa sun haura ɗari biyu, an ambace shi a rubuce-rubucen masana fiye da sau dubu uku, kuma kusan duka a kan ganyen wata bishiya ne da ya ce yana saukar da hawan jini. In ya shigo taro har shugaban jami'a miƙewa yake yi. Da aka yanke shawarar a gwada ganyen a kan masu hawan jini su arba'in, a janye musu ƙwayoyin asibiti na wata uku, sai aka ɗora aikin a wuyan wata malama masaniyar magunguna, mace mai sanyin magana wadda maƙalunta ba su kai goma ba. Ta yi murna ƙwarai. Amma ta ce kafin ta taɓa mutum, bari ta maimaita gwajin a kan ɓeraye kamar yadda farfesa ya rubuta. Ta shanya ganyen a inuwa, ta daka, ta jiƙa, ta ɗura musu. Mako shida tana awo, jinin ɓera ko ɗaya bai sauka ba. Kanta ta fara zargi. Ta sake na'urar awo, ta aika aka tsinko sabon ganye daga garin da shi kansa ya ce ya samo nasa, ta ninka abin da take ba su. Shiru kake ji.

Daga nan hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta zauna ta bi masu ambaton nan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sai ta ga sunaye biyar ne ke ta dawowa, su da ɗalibansu: ya ambace su, su ambace shi, har a maƙalar kiwon kifi ta tarar da sunansa. A cikinsu duka babu wanda ya ce ya gwada ganyen da hannunsa. Ta ɗauko maƙalunsa biyu da shekara bakwai ke tsakaninsu, ta haɗa zanen bugun zuciyar ɓerayen, ta ɗaga takardun a hasken taga. Zanen ya hau kan zane daidai wa daida, har da wata 'yar karkata inda allurar na'ura ta zame. Ta je ta same shi cikin ladabi, ta roƙi ya nuna mata littattafan da ya rubuta awonsa na asali. Ya ce gara ta cinye su. Kafin mako ya zagayo, magana ta cika sashen cewa hassada ke cinta. Masu gaishe ta suka ragu. Ita kanta ta shiga kokwanto: anya mutum dubu uku za su ɓata, ita kaɗai ta shiryu? Ko dai hannunta ne ba shi da kyau? Ranar ƙarshe da aka ba ta don ta amince a fara gwaji a kan mutane, ta ɗauki takardar izinin gwajin ta nufi ofishinsa, biro a hannu, tana jin gara ta sa hannu ta huta.

Yana cikin yi mata faɗa a kan ɓata lokaci, sai agogonsa ya yi ƙara. Ya jawo aljihun tebur, ya ɓallo ƙwaya ɗaya ya kora da ruwa. Idonta ya faɗa kan kwalin. Irin maganin hawan jinin nan ne da ake shirin janye wa mutum arba'in.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ashe kai ma kana fama da shi?"

Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ke nan."

"To ganyen fa?"

Ya yi dariya, maganar ta suɓuce masa. "Haba Malama, ni zuciyata ɗaya ce."

Ta ce, "Su ma ɗaya-ɗaya gare su, ranka ya daɗe." Ta mayar da biro jaka ta fita.

Ba ta sha da daɗi ba. Shekara biyu aka riƙe mata ƙarin girma. Amma takardar da ta rubuta wa kwamitin da ke ba da izinin gwaji a kan mutane ta yi aiki: suka nemi littattafan awo, babu, suka sa wasu masu bincike biyu daga wata jami'a su maimaita, jinin ɓeraye ya tsaya inda yake. Mujallu suka riƙa janye maƙalunsa ɗaya bayan ɗaya, abokan nan biyar kowa ya ce dama shi bai san shi sosai ba. Mutum arba'in kuwa suka ci gaba da shan ƙwayoyinsu, ba su ma san an taɓa yin shawara a kan rayukansu ba.

Saboda haka, Dakta, in aka nuna maka mai dogon lissafin ambato, kada ka tsaya a lissafin. Duba su wa ke ambatonsa, wa ya gwada ya gani, shi kuma me yake sha in ciwon ya zo kansa. Hausawa sun riga sun gama magana: in da kura na da maganin zawo, da ta yi wa kanta.