Na Zo Ɗaukar Mijina

Tun ranar farko Dorinda ta faɗa wa yarinyar da ta zo koya mata Turanci abin da take so. Ba ruwanta da sunayen launuka ko tambayar hanyar kasuwa. Jimla ɗaya take nema da Turanci, sai abin da za ta mayar idan aka yi mata gardama: "Na zo ɗaukar mijina."

Shekara ashirin da biyar ke nan da jirgin kamun kifin da mijinta Eladio yake aiki a ciki ya fake wa guguwa a wata tashar ruwa ta ƙasar Ailan. Ya sauka sayen taba, washegari hularsa kaɗai aka tsinta tana yawo a kan ruwa. Bayan wata biyu teku ya tofo wata gawa da ba ta ganuwa, mutanen can suka binne ta ba suna. Dorinda ba ta taɓa shakka ba, nata ne. A maƙabartar ƙauyensu da ke bakin teku a yankin Galisiya akwai gurbin kabari da sunansa a jiki, ciki wayam, kuma duk Asabar sai ta je ta wanke dutsen. Yanzu likita ya ce ciwon da ke cikinta ba zai bar ta ta ga wata bazarar ba. Ita kuwa ta rantse ba za a kwantar da ita kusa da gurbin da ba kowa ba.

Shi ya sa da ƙungiyar da ke rarraba 'yan sa-kai gida-gida don koyar da Turanci ta zo neman masauki, ta riga kowa ba da suna. Aka ce akwai wata 'yar Ailan da ta nemi wannan ƙauyen da bakinta. Sunanta Orla, shekararta ashirin da biyu, doguwa, ba ta da yawan magana. Ta iso da jakar goyo guda da wani gwangwani mai nauyi nannaɗe cikin tawul. Dorinda ta kai hannu za ta taya ta, yarinyar ta janye.

"Na babana ne, Dona Dorinda. Ya rasu watan Maris."

"Allah sarki, 'yar nan. Tura shi ƙarƙashin gado, ba mai taɓa miki."

Kullum da hantsi suna teburin kicin, tsohuwa na karya harshe, yarinya na gyara mata. Maƙwabciyarta Herminia, wadda bakinta ba ya gajiya, takan leƙo ta taga.

"Ke dai ba ki da aikin yi. Gotai-gotai da ke kina maimaita magana kamar aku. Shi Eladion ma da yana da rai zaman gida yake yi, balle yanzu da ya zama ƙashi?"

Dorinda takan rufe tagar a fuskarta. Maganar tana yi mata zafi, domin akwai gaskiya a ciki.

Ran nan wajen cin abincin rana Orla ta ɗauki burodi, ta juya shi, ta zana gicciye a gindinsa da tsinin wuƙa. Ta jingina shi a ƙirji ta yanka, ta jefa ɓawon ƙarshen cikin aljihu ba tare da ta lura ba. Gicciyen dai kowa a ƙauyen yana yi. Amma ɓawo a aljihu, mutum ɗaya Dorinda ta sani da wannan, Eladio, yakan ce guzurin teku ne.

"A can ma haka kuke yi?"

"A gidanmu dai haka muke yi," in ji Orla, idonta a kan faranti.

Abin ya faranta wa Dorinda rai ƙwarai. Mutanen da ke girmama burodi haka, ai sun binne mata miji da mutunci.

Sai dai yarinyar ta fara ba ta haushi. Wasiƙar neman izinin ɗauko gawar da suka rubuta wa faston garin can na Ailan ta yi sati biyu a kan tebur ba a aika ba. In za ta wuce hoton bikinsu da ke rataye a falo, sai ta sunkuyar da kai kamar mai bin gawa. Sau uku tana buɗe baki da "Dona Dorinda, akwai wata magana", sau uku maganar tana ƙarewa a kan ruwan sama. Na huɗu ta daure.

"In kuma wanda ke kabarin nan ba shi ba ne fa?"

Dorinda ta doki teburin har kofi ya kife. "To in ba shi ba ne, yana ina? Mijina ba zai yi shekara ashirin da biyar yana numfashi bai dawo ba. Ki koya min abin da ya kawo ki, ki bar sauran."

Daga ranar Orla ba ta sake tayar da zancen ba. Dorinda ta sayi tikitin jirgi zuwa Ailan na watan Satumba, ta rame, amma jimlar ta zauna daram a bakinta.

Ranar tafiyar Orla, Dorinda ta raka ta tashar mota, cikin baƙaƙen kayanta na kullum. Ta miƙe tsaye ta faɗi jimlar da Turanci tiryan-tiryan, ba tuntuɓe ko ɗaya. Orla ta rungume ta tana kuka har direba ya yi oda.

Da ta koma gida ta shiga sharar ɗakin baƙi, tsintsiya ta bugi ƙarfe. Kai, yarinyar nan ta manta kayan ubanta! Ta durƙusa da ƙyar ta jawo shi, tawul ɗin ya zame. Gwangwani ne irin wanda ake zuba tokar mamaci a ciki bayan an ƙona gawa, da kwanan wata na Maris ɗin bana, da suna a samansa: Eladio Lires. An liƙa 'yar takarda a murfin, da Turanci mai sauƙi, daidai wanda aka koya mata: "Ga mijinki. Ki yafe wa babana."